Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin gandun daji da filayen gwamnati: ku ba mu izini mu kwashe abin da ke kashe namun daji

Ranku ya daɗe, shugabannin hukumomi da malaman daji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayina na ɗaya daga cikin mutanen da ke zuwa ƙofar ofisoshinku suna neman a ba su aiki, ba tare da neman ko sisi ba. Muna da yawa, kuma akwai mu a kowace ƙasa da ke da daji mallakar jama'a: ɗalibai, 'yan fansho, mafarauta, masu sha'awar kallon tsuntsaye, manoma da makiyayan da ke zaune a gefen gandu. Roƙona guda ne. A cikin filayen da aka ba ku amana akwai tarkacen da ɗan Adam ya bari, waɗanda ke kashe dabbobi dare da rana ba tare da wani ya ɗaga bindiga ba. Yawancinsu hannu kawai suke buƙata a kawar da su. Hannun yana nan. Abin da ya rage shi ne izininku, da taswirarku, da mutum ɗaya daga cikinku da zai tsaya a kan aikin.

Bari in fara da waya, domin ita ce uwa uba.

Tun da Joseph Glidden ya yi rajistar wayarsa mai ƙaya a Amurka a 1874, ake ta jan ta a faɗin duniya, kuma ba kasafai wanda ya kafa shinge yake dawowa ya kwashe shi idan amfaninsa ya ƙare ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a yammacin Amurka kaɗai akwai shinge da tsawonsa ya haura kilomita miliyan ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2006, wanda aka yi a jihohin Kolorado da Yuta, ya gano cewa a kowane kilomita huɗu na shingen waya ana samun babbar dabba ɗaya ta mutu a kowace shekara, kuma 'ya'yan dabbobi sun ninka manyansu sau takwas wajen faɗawa wannan haɗari. Ku lissafa da kanku. Kuma ku tuna wannan adadin gawar da aka iske ne kawai, ban da wadda masu cin mushe suka riga mai bincike isa wurinta.

Yadda waya ke kisa abu ne da ya kamata duk mai sa hannu a takardar kwangilar shinge ya gani da idonsa. Dabba ta zo da gudu ta yi tsalle, ƙafarta ta baya ta shiga tsakanin wayoyi biyu na sama, nauyin jikinta ya murɗe su suka ɗaure ƙafar tamau. Tana rataye, kai a ƙasa, har ƙishirwa ko wani abin ya ƙarasa ta. Wani lokaci kuma uwa ta tsallake lafiya, ɗanta ya kasa, ya yi ta kai da komo a gindin shinge har ya kwanta. Barewar Amurka da suke kira pronghorn tana cikin dabbobin da suka fi gudu a doron ƙasa, amma ba ta saba tsallake abu ba, domin a fili fetal ta samo asali. Idan ta tarar da shinge sai ta nemi kurɗawa ta ƙasa. In wayar ƙasan mai ƙaya ce, ta tsage mata baya. In kuwa ragar waya ce da ta taɓa ƙasa, to hanya ta toshe. A hunturun 1983, a wani wuri da ake kira Red Rim a jihar Wayomin, wani mai kiwo ya zagaye fili da irin wannan raga, ya haɗa har da filin gwamnati, ya tare wa barewar hanyar zuwa inda take samun abinci idan ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ɗaruruwansu suka taru a jikin shingen suka mutu. Sai da aka je kotu, kuma kotu ta yi amfani da wata tsohuwar doka ta 1885 da ta hana killace filin jama'a kafin aka tilasta buɗe hanya.

Ba a Amurka kaɗai ba. A Botsuwana, tun shekarun 1950 aka fara jan dogayen shingaye, ciki har da na Kuke, don raba shanu da namun daji saboda cutar boru. Dalilin yana da tushe, domin ƙasar tana sayar da nama a Turai. Amma da fari ya tsananta a 1983, dubban manyan dabbobin nan masu ƙaho da ake kira wildebeest da suka taso daga hamadar Kalahari neman ruwa sun tarar da waya a gabansu, suka bi ta suna lalube, kuma dubun dubatarsu suka mutu a kewayen tafkin Xau. A Mongoliya, layin dogon da ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu an killace shi da waya hagu da dama, ya raba hamadar Gobi gida biyu. Jakin dawan ƙasar, wanda suke kira khulan, ya shafe kusan shekara 65 ba a gan shi ya haye gabashin layin ba. Da aka cire waya a 'yan wurare don gwaji, a 2020 kyamara ta ɗauki ɗaya yana hayewa. Ba a gina masa gada ba, ba a ɗauke shi a mota ba. An dai buɗe masa ƙofa.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya: ba kowane shinge ne za a tuge ba. Akwai wanda ke hana shanu shiga gona, akwai wanda ke hana giwa shiga gari, akwai wanda ke tare dabba daga babban titi. Ba waɗannan nake nufi ba. Ina magana ne a kan wanda ya daina aiki, wanda ginshiƙansa suka ruɓe wayar ta kwanta cikin ciyawa, wanda aka kafa don wani shiri da aka manta sunansa. A gandun Hart Mountain da ke jihar Oregon ta Amurka, bayan an daina kiwon shanu a farkon shekarun 1990, an bar tsohon shinge na sama da kilomita 400 a ciki ba ya tsare komai. Masu aikin sa kai ne suka yi ta zuwa shekara bayan shekara, da safar hannu da filaya, suna kwance waya suna naɗewa suna tuge ginshiƙi, har aka gama a 2012. Kusan shekara ashirin ke nan. Babu gwamnatin da za ta sa wannan a kasafin kuɗi ta biya leburori, amma ya yiwu saboda hukumar wurin ta buɗe ƙofa kuma ba ta rufe ba.

Shingen da dole ya zauna ma ana iya gyara shi, kuma ma'aunin sananne ne. Wayar ƙasa ta zama sumul marar ƙaya, a ɗaga ta kamar santimita 40 zuwa 45 daga ƙasa don ƙananan dabbobi da masu kurɗawa su wuce. Wayar sama kada ta wuce mita ɗaya da 'yan kai. Tsakanin wayoyi biyu na sama a bar tazarar santimita 30 don ƙafa ba za ta maƙale ba. Shanu ba sa fita daga irin wannan shinge, mai kiwo bai yi asarar komai ba. Inda tsuntsaye ke tashi ƙasa-ƙasa da asuba su yi karo da wayar da ba sa gani, 'yan gutsattsarin farar roba da ake maƙalawa a wayar sama sun isa. A jihar Aidaho an gwada wannan a wuraren da wata irin fakara ta yankin ke taruwa, karo ya ragu da sama da kashi 80 cikin ɗari. Yaro ɗan makarantar sakandare zai iya maƙala ɗaruruwan irin wannan roba kafin rana ta take.

Bayan waya, akwai abubuwan da ba wanda zai kalla ya ce tarko ne.

Ɗauki bututu da aka kafa a tsaye bakinsa a buɗe. Tsuntsayen da ke sheƙa a kogon itace suna ganin baƙin rami sai su leƙa, su faɗa, kuma cikin bututun santsi gare shi, ba wurin kafa farce, ba sararin buɗe fiffike. A jihar Nebada masu haƙar ma'adinai sun daɗe suna kafa fararen bututun roba a matsayin alamar iyakar filin da suka yi rajista, dubbai a cikin hamada. Da aka fara tuge su sai aka riƙa zazzage gawarwakin tsuntsaye, wani kan wani, har da ƙadangaru da jemagu. A jihar Kalifoniya an taɓa kayar da wani dogon bututun ban ruwa guda ɗaya aka iske ragowar tsuntsaye sama da 200 a cikinsa. Abin da Nebada ta yi shi ne nake so ku duba da kyau: ta yi dokar da daga watan Nuwamban 2011 ta ba kowane mutum damar tuge irin wannan bututu idan ya gan shi a filin gwamnati, ya kwantar da shi a ƙasa. Ba ta ɗauki ma'aikaci ba, ba ta sayi mota ba. Ta cire tsoron hukunci ne daga zuciyar mutumin da ya riga ya so yin aikin. Haka ma bututun iska na ban-ɗakin da ake ginawa 'yan yawon buɗe ido a cikin gandu: mujiya na shiga ta sama ta faɗa cikin masai. Wata cibiyar kula da tsuntsaye a Wayomin, Teton Raptor Center, ta ƙera murfin raga mai sauƙi, an kuma ɗaura dubbansa a faɗin ƙasar, da yawa ta hannun masu sa kai.

Sai kwamin ruwa da tankunan da ake ajiyewa dabbobin kiwo. A wurin da ruwa ke wuya, duk mai rai nan yake zuwa. Idan ruwan ya ja baya, tsuntsu ko kurege ko jemage ya miƙa wuya ya zame, sai ya yi ta iyo yana bin gefen kwamin yana neman mafita har ƙarfinsa ya ƙare. Maganin ɗan tsani ne na ragar ƙarfe. Amma a nan ne sanin aiki ke shigowa, domin sanda da aka jefa a tsakiyar ruwa ba ta cika ceto ba: dabbar gefe take bi, don haka dole tsanin ya manne da bango, ya kai har ƙasan kwamin, kuma kada gangarensa ya yi tsaye da yawa. Mai kiwo ma ya ci riba, tunda ruwan da mushe ya ruɓe a ciki ba ya yi wa garkensa daɗi. Akwai kuma zaren fatsa da masunta ke yarwa a bakin ruwa, wanda ke naɗe ƙafar tsuntsu har ta guntule, da ƙananan shara irin su murfin kwalba da fasasshen gilashi. Babbar ungulun Kalifoniya, wadda a 1987 guda 27 kacal suka rage a duniya har aka kama su duka don a ceci irinsu, tana tsintar irin waɗannan tarkace ta kai wa ɗanta a sheƙa, su toshe masa ciki. Shi ya sa har yau mutane ke fita da jaka suna tsince su a tsaunukan da take sheƙa. Aikin bai wuce yadda uwa ke tsince ƙusa da reza a tsakar gida ba idan yaro ya fara rarrafe.

To, ranku ya daɗe, idan abin haka yake da sauƙi, me ya sa ba a yinsa yadda ya kamata?

Abin da na gani shi ne, hukuma ta fi son aikin da za a iya ɗaukar hotonsa. Gadar da dabbobi ke bi su haye titi abu ne mai kyau ƙwarai. A gandun Banff na Kanada akwai gadoji 6 na sama da hanyoyi 38 na ƙarƙashin titi, kuma tare da shingen da ke kai dabbobi gare su sun rage karon mota da namun daji da sama da kashi 80 cikin ɗari. Ina murna da su. Amma dabbar da ta haye gada lafiya tana iya mutuwa a kan ruɓaɓɓiyar waya kilomita biyu gaba, kuma wannan wayar ba minista da zai zo ya yanke mata ƙyalle. Haka nan idan aka tuna da masu aikin sa kai, sau da yawa rana ɗaya ake ware musu a shekara, a raba riguna da huluna, a dasa itatuwa a jere, a yi jawabi, kowa ya watse. Babu wanda zai koma ya ba dashen ruwa. Wani lokaci ma a filin ciyawa ake dasawa, wurin da dabbobinsa sarari suke buƙata, ba inuwa ba. Mutumin da ya sadaukar da ranar hutunsa ya ga abin da ya dasa ya bushe ba zai dawo baɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ɗaya matsalar ita ce takarda. Mutum ya ga waya kwance a cikin gandu, ya san tana kisa, amma in ya taɓa ta ana iya kama shi da laifin ɓarnata kayan gwamnati ko shiga ba izini. Ya rubuto wasiƙa, aka ce ya jira. Ƙaramin jami'in da ke wurin yana son a yi aikin, amma ba shi da ikon amincewa. Babban da ke da ikon kuma bai taɓa taka wurin ba, tsoronsa kawai kada wani ya ji rauni a ce laifinsa ne. Ban raina wannan tsoro ba. Waya mai ƙaya da aka ja ta yi tauri, in aka yanke ta ba dabara, tana iya dawowa ta fasa ido. Raunin tsohuwar waya na iya kawo ciwon sarƙewar haƙora. Akwai maciji a ƙarƙashin tsohon ginshiƙi. Amma duk waɗannan suna da magani sananne: takardar yarjejeniya guda ɗaya da ƙungiya za ta sa wa hannu ta yi shekara tana aiki, inshora, horo na rabin yini, tabarau da safar fata, akwatin agajin gaggawa, da jagora ɗaya daga ma'aikatanku. Hukumomi da dama a duniya sun daɗe da tsara haka. Ƙin amsa wasiƙa ba ya kare kowa, sai dai ya mayar da haɗarin kan dabbar da ba ta iya kai ƙara.

Saboda haka abu na farko da nake roƙo shi ne ku san abin da ke cikin filinku. Hukumomi da yawa suna da taswirar hanyoyi da iyakoki, amma ku tambaye su ina shingayensu suke, wane ne ke aiki wane ne ya mutu, sai a yi shiru. Wannan ma aiki ne da za mu iya yi muku. Wayar salula ta yau tana ɗaukar hoto tare da ainihin wurin da aka ɗauke shi. Ku raba mana yanki yanki, mu taka, mu kawo muku inda waya take, inda bututu yake, inda tsohuwar rijiya ke buɗe ba murfi, inda muka ga gashi ko ƙashi a jikin shinge. Daga nan masananku su ce ga inda za a fara, domin ba duk kilomita ne daidai da wani ba. Mita ɗari biyar a kan hanyar da garke ke bi zuwa ruwa ta fi kilomita goma a inda ba abin da ke wucewa.

Kuma idan kun ba da izini, ku tsaya a yi shi da kyau, don da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wayar da aka kwance aka bari a tattare a cikin ciyawa ta fi wadda ke tsaye haɗari, tunda yanzu ba a ganinta, kuma mai neman abin ɗana tarko ya samu kaya a ɓagas. Dole a naɗe ta, a fitar da ita daga dajin a ranar, a kai wa masu narka ƙarfe. Motar ɗaukar kayan ita ce gudummawar da muka fi buƙata daga gare ku. Sannan akwai lokaci. Watannin da tsuntsaye ke kwanci a ƙasa ko dabbobi ke haihuwa ba lokacin shigar da mutum talatin cikin daji ba ne, komai kyan niyyarsu. Takalmi da tayar mota suna ɗauko irin muguwar ciyawa daga wani wuri, don haka a kakkaɓe kafin a shiga. Kuma a gaya wa kowa tun farko cewa hoton sheƙa ko ramin dabbar da ake farauta ba na sakawa a Facebook ba ne. Mu ba mu san duk waɗannan ba sai an koya mana. Ku kuka sani.

Yanzu zan zo kan tarko, inda nake so in ja layi.

Tarkon waya shi ne mafi munin duk abin da na lissafa, domin shi da gangan ake ɗana shi. Wayar birkin babur ko ta tsohuwar taya, a yi zarge, a ɗaure a gindin itace, an gama. Ba ya zaɓe. An ɗana don gada, ya kama damisa, ya kama zaki, ya yanke wa giwa hanci. Mai shi kan ɗana da yawa ya manta da wasu, su kuma ba sa daina aiki. Wani rahoto da ƙungiyar kare namun daji ta WWF ta fitar a 2020 ya ƙiyasta tarko kusan miliyan 12 a cikin gandun dajin Kambodiya da Lawos da Biyetnam. A dazukan Lawos da Biyetnam ne saola take, dabbar da masana ba su san da ita ba sai a 1992, kuma rabon da kyamara ta ɗauke ta tun 2013. Ba ita ake nema ba, amma tarkon bai san haka ba.

Kwance tarko aiki ne da mai sa kai zai iya taimakawa a wasu wurare, a bayan jami'i, a yankin da aka tabbatar ba hatsari. Amma inda masu ɗana tarkon ke ɗauke da makami, wannan aikin ma'aikaci ne mai albashi, mai horo, wanda in ya mutu akwai mai kula da iyalinsa. A gandun Virunga na Kwango sama da jami'ai 200 aka kashe a bakin aiki. Kada wata hukuma ta ga muna zuwa kyauta ta ce to an samu dalilin rage ma'aikata ko jinkirta albashinsu. Idan zuwanmu zai zama sanadin korar malamin daji ɗaya, gara mu zauna a gida. Mu ƙari ne a kan aikinsu. Mu ɗauke musu naɗe waya da tsintar shara, su samu sukunin sintiri.

A nan ma akwai darasi daga Serengeti ta Tanzaniya, inda tun 2017 ake da rundunonin kwance tarko da suka haɗa da mutanen ƙauyukan kewaye, ciki har da waɗanda a da su ne ke ɗanawa. Ana biyan su, kuma haka ya dace. Wanda ya taɓa ɗana tarko ya fi kowa sanin inda ake ɓoye shi. Wannan ya kawo ni ga mutanen da ke zaune a bakin filayenku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Makiyayin da ya shekara talatin yana bin wata hanya ya san inda barewa ke kurɗawa fiye da duk wanda ya zo daga birni da na'ura. Idan shingen da za a gyara nasa ne ko yana amfani da shi, a zauna da shi tukuna, a nuna masa cewa dabbarsa ba za ta ɓata ba, a bar shi ya ce ga inda ya yarda. Shingen da aka cire ba da saninsa ba zai dawo cikin mako guda, kuma da ƙarin ƙiyayya. Sannan kada a ce wa wanda ke neman na yau da gobe ya yi aiki kyauta daidai da mai albashi da ya zo hutun ƙarshen mako. Kuɗin mota da abincin rana ga irin wannan mutum ba almubazzaranci ba ne.

Akwai wata riba da ba ku cika lissafawa ba, wato bayanai. A Birtaniya, duk bazara idan kwaɗi suka taso zuwa tafkunan da suke hayayyafa, mutane kan fito da dare da fitila da bokiti su ɗauke su su hayar da su titi. Suna rubuta adadin da suka ɗauka. Daga waɗannan rubuce-rubuce ne masana suka gano a 2016 cewa yawan irin wannan kwaɗo ya ragu da kusan kashi 68 cikin ɗari a shekara talatin. Babu jami'ar da ke da kuɗin aika mutane wurare masu yawa haka, dare bayan dare, tsawon wannan lokaci. Don haka ku ba mu fom mai sauƙi, ku karɓi abin da muka rubuta, ku adana shi inda ba zai ɓace ba idan aka yi wa jami'i canjin wurin aiki. Kuma ku dawo mana da labari. Idan kun sa kyamara a inda muka buɗe hanya kuka ga garke ya wuce, ku nuna mana. Idan ba abin da ya wuce, ku faɗa mana ma, mu san mun yi kuskuren wuri mu matsa gaba.

Haka kuma ina roƙon ku dubi takardun kwangilarku da na izinin da kuke bayarwa. Ba shi da amfani mu kwashe kilomita biyar a bana ku amince a kafa hamsin iri ɗaya baɗi. Duk wanda za ku ba izinin kiwo, ko haƙar ma'adinai, ko jan layin wuta, ko gina sansani a filin jama'a, a rubuta masa a sharaɗi irin shingen da zai kafa, da cewa kowane bututu zai samu murfi, kowane kwami zai samu tsani, kowane rami zai cike, kuma ranar da ya tashi zai tafi da wayarsa. A karɓi ajiyar kuɗi a hannunsa da ba za a mayar ba sai an je an duba. Wannan ba aikin mai sa kai ba ne, alƙalaminku ne kawai zai iya.

Abin da nake jira daga kowane ofishi da wannan wasiƙa ta isa bai da yawa. Ku naɗa jami'i ɗaya da sunansa da lambar ofishinsa za su kasance a bayyane, wanda aikinsa ne ya amsa wa masu son taimakawa cikin wata guda. Ku zaɓi wuri ɗaya a filinku da ma'aikatanku suka daɗe suna korafi a kansa, ku sa rana bayan lokacin haihuwar dabbobi ya wuce, ku tanadi mota da jagora. Safar hannu da filaya da ruwan sha mu za mu zo da su.

Na gode da lokacinku. Allah ya taya ku riƙon amanar da ke hannunku.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu aikin sa kai